GUDUMA DA MA'AUNI: Tarihin Ƙera Jikin Mota da Hannu, da Darasinsa ga Masu Sana'a na Ƙasar Haɗejiya

Gabatarwa

Akwai wata sana'a a ƙasashen Turai da Amurka wadda labarinta kan ba mutumin ƙasar Hausa mamaki sa'ad da ya fara jin sa. Watau a sami gwanin ƙira ya ɗauki fallen alminiyam, farin ƙarfen nan marar nauyi da wasu ke kira sanholo, wasu kuma goran ruwa, ya yi ta bugunsa da guduma wata da watanni, har ya fitar da jikin mota sukutum, wanda ya yi kama da na wata motar tsere da aka daina yi tun shekara 60 da suka wuce. Sa'an nan a haɗa wannan jiki da shasi da sauran kaya a sayar wa mai sha'awa, shi kuma ya kai gida ya sa inji ya harhaɗa da kansa. Kuɗin jikin nan kaɗai, ba inji ba fenti, ya kan fi na sabuwar motar shiga.

Mai sauraro zai iya tambaya, ina ruwan Haɗejiya, ƙasar shinkafa da kifi da riɗi, da abin wasan attajiran Turai? Amsar ita ce, sana'ar nan da ta maƙeran ƙasar Hausa, da masu zubin tukwane, da kafintocin bodin lori, duk jirgi ɗaya ya kwaso su: kowannensu yana duban wani abu da ya riga ya wanzu, ya kwaikwaye shi da hannu. Abin da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, gwanintar hannu akwai ta a ɓangarorin biyu, amma ɓangare ɗaya ya adana ma'auninsa, ɗayan kuwa ya bar nasa a cikin kawunan tsofaffi.

Ƙarfen da ya zo a makare

Alminiyam baƙo ne a cikin ƙarafa. Ko da yake ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, raba shi da dutsen da yake ciki aiki ne mai wuyar gaske, har ya zama a tsakiyar ƙarni na 19 ana lissafa shi tare da azurfa wajen tsada. Sai a 1886 ne wasu samari biyu, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a wajensa, suka gano hanyar tace shi da wutar lantarki. Daga nan farashinsa ya faɗi warwas.

Halaye uku na wannan ƙarfe su ne ginshiƙin duk labarin da zai biyo baya. Na farko, nauyinsa kimanin sulusin na baƙin ƙarfe ne. Na biyu, ba ya yin jar tsatsa irin wadda ke cinye kwanon rufi da jikin mota. Na uku, yana da laushi, kuma yana narkewa a zafin digiri 660, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500. Laushinsa ne ya sa Bature ya iya lanƙwasa shi da guduma, saurin narkewarsa kuwa shi ya sa Bahaushe ya iya zuba shi da wutar gawayi.

Yadda ake ƙera jikin

A farkon zamanin mota, kamfani kan sayar da shasi da inji kawai, mai saye ya kai wa masu ƙera keken doki su yi masa jiki. Su kan kafa ƙwarangwal na katako su lulluɓe shi da fallen ƙarfe. Wannan tsari ya fara gushewa sa'ad da kamfanin Edward Budd na birnin Filadelfiya ya shiga yi wa Dodge jikin mota na baƙin ƙarfe zalla, wajen 1914. A sabon tsarin, ana sassaƙa manyan dunƙulen ƙarfe biyu da siffar ƙofa ko murfin inji, ɗaya namiji ɗaya tamace, a sa falle a tsakani, inji ya matse, cikin ƙiftawar ido an gama. Amma fa sassaƙa dunƙulen nan na cin dukiya mai yawa, ba ya biya sai za a yi mota dubbai. Saboda haka duk motar da ba za a yi da yawa ba, kamar ta tsere, sai ta zauna a hannun masu guduma. Alal misali, motar Jaguar XK120 da aka fito da ita a 1948, guda 240 ko kusa da haka na farko da hannu aka yi jikinsu da alminiyam. Da masu saye suka yi yawa, sai kamfanin ya koma ga baƙin ƙarfe da injin matsa a 1950.

Aikin kansa yana farawa ne da ma'auni. Ana yanka katakai daidai da doron motar da kwarinta, a jera su a ɗaure, su zama kamar haƙarƙarin dabba. Ba a kan wannan ƙwarangwal ake bugu ba, gwaji kawai ake yi da shi. Maƙerin zai yanko falle wanda kaurinsa bai kai milimita 2 ba, ya ɗora shi a kan buhun fata mai cike da yashi, ko a kan kututturen itace mai kwarmi, ya buga inda yake so ya miƙe, ya tattare gefen da yake so ya tsuke, ya kai kan ma'auni ya gwada, ya dawo ya ƙara. Alminiyam kan taurare in ya sha bugu, in aka matsa masa sai ya tsage. Don haka akan shafa masa baƙin hayaƙin wutar walda, a bi shi da wuta har baƙin ya ƙone, wannan ita ce alamar zafin ya isa, ƙarfen ya sake yin laushi. A ƙarshe a haɗa gutsattsarin da waldar gas, a buge dinkin, a goge shi har ido ya kasa gane mahaɗar.

Makarantu biyu ne suka shahara a wannan fanni. Mutanen Ingila sun dogara ga wata na'ura da ake kira wilin Ingila, mai tayoyin ƙarfe biyu, na sama shimfiɗaɗɗe, na ƙasa mai doro, ana tura falle a tsakaninsu gaba da baya har ya lanƙwashe sumul. Da irin wannan aiki kamfanin Abbey Panels na Coventry ya yi jikin Jaguar C-type, wadda ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1951 da 1953, da D-type wadda ta ci a 1955 da 1956 da 1957. Mutanen Italiya kuwa guduma da kututture suka fi riƙewa. A garin Modena, ma'aikatar Sergio Scaglietti ce ta bugo jikin Ferrari 250 GTO, wadda guda 36 kacal aka yi. A Milan, kamfanin Touring ya ƙirƙiro tsarin ɗora fallen alminiyam a kan ƙwarangwal na siraran bututun ƙarfe, tsarin da Aston Martin ta ara ta yi DB4 a 1958.

Daga buƙata zuwa sha'awa

Sayar da mota a warwatse, mai saye ya harhaɗa, haraji ne ya bunƙasa shi. A Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu akwai haraji mai nauyi a kan sabuwar mota, amma ba a ɗora shi a kan kayan mota da ba a haɗa ba. Colin Chapman ya ga wannan ƙofa, ya fito da Lotus Seven a 1957, ƙaramar mota mai jikin alminiyam, ana kai wa mutum ita a cikin akwatuna. Da aka sauya tsarin harajin a 1973, sai ya sayar wa kamfanin Caterham haƙƙin yin ta.

Motar da aka fi kwaikwaya a duniya kuwa ita ce Cobra. Asalinta motar AC Ace ce ta 1953, wadda ake bugun jikinta da hannu a Thames Ditton kusa da Landan. A 1962 wani direban tsere Ba'amurke, Carroll Shelby, ya sa mata babban injin Ford mai silinda 8. Kafin a daina yin ta a 1967, abin da aka yi bai wuce 1,000 ba. Masu so sun fi motocin yawa nesa ba kusa ba, to daga nan kasuwar kwaikwayo ta buɗe. Galibin masu kwaikwayon da roba mai haɗe da zaren gilashi suke yi, don ita ce mai araha. 'Yan kaɗan ne suka riƙe alminiyam, kuma labarin biyu daga cikinsu ya cancanci a tsaya a kansa.

Na farko shi ne Brian Angliss, mai kamfanin Autokraft a Ingila, wanda ya fara da gyaran tsofaffin Cobra, daga baya ya mallaki ma'aunai da kayan aikin AC na asali, ya sake yin motar a farkon shekarun 1980. Abin lura a nan shi ne, kamfanin AC bai yi makamashi da katakan nan ba bayan ya daina aiki da su. Na biyu shi ne kamfanin Kirkham na jihar Utah a Amurka. A tsakiyar shekarun 1990 masu shi suka je garin Mielec a ƙasar Folan, inda akwai masana'antar da ta yi jiragen yaƙi samfurin MiG a zamanin kwaminisanci. Gwamnatin da ke sayen jiragen ta rushe, ma'aikata na zaune ba aiki, amma hannunsu ya san alminiyam, kuma sun saba da aiki da zane da awo. Aka ba su tsohuwar Cobra suka auna, suka shiga ƙera jikinta ana kai wa Amurka. Gwanintar da ke da awo a rubuce ta iya sauya kasuwa daga jirgin sama zuwa mota.

Har manyan kamfanonin ma sun bi sahu. A 2016 Jaguar ta ba da sanarwar za ta sake yin XKSS guda 9, madadin 9 da gobara ta cinye a masana'antarta a 1957. Dalilin wannan rububi ba ɓoyayye ba ne, ganin cewa a 2018 an yi gwanjon Ferrari 250 GTO guda ɗaya a kan dala miliyan 48 da 'yan kai.

Ƙasar Haɗejiya: daga maƙera zuwa bodin lori

To, a juyo gida. Kafin zuwan Turawa, ƙarfin kowace masarauta a ƙasar Hausa yana rataye ne a wuyan maƙeranta. Maƙeran baƙi ke yin fartanya da garma da lauje da gatari, da mashi da takobi da linzami, maƙeran fari kuma su yi kayan ado na azurfa da tagulla. A ƙasar fadama irin Haɗejiya akwai ƙarin buƙatar masunta, ta ƙugiya da mashin kifi. Rundunar dawakin Sarki Buhari, wanda ya yi mulki daga wajen 1848 zuwa 1863, har ya gagari Sakkwato, ba za ta tsayu ba in babu masu zuga-zugi da masaba a bayanta. Sana'ar gado ce, ɗa ya fara da zuga wuta, ya kai ga riƙe awartaki, ya daɗe kafin a ba shi uwar maƙera. Ma'auninsa ido ne da taƙi da kamu.

A watan Afrilu na 1906 sojojin Ingila suka ci birnin Haɗejiya da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'a da dama. Abin da ya biyo baya ya sauya ƙira ta fuska biyu: kasuwar makamai ta mutu, kuma narkar da tama ta ja baya, domin ƙarfen Turawa ya samu a sauƙaƙe. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya nufi Nguru kuma aka kammala shi a 1930, ya bi ta Malam Madori, wadda ta zama tashar Haɗejiya kuma babbar matattarar gyaɗa. Tsohon ƙarfen dogo da sifirin mota da gangar mai suka maye gurbin tama. Philip Jaggar, wanda ya yi nazarin maƙeran birnin Kano a farkon shekarun 1970, ya tarar da su suna aiki da irin wannan ƙarfe na tsinto.

Gyaɗar nan ba ta kai kanta tasha, sai da raƙumi da jaki, daga baya lori. Su kuwa lorin, irin su Bedford da Austin da Mercedes 911, yawanci shasi da inji da kai kawai ake shigowa da su, kafintoci da maƙera na gida su gina bodin katako, su ɗaure shi da ƙarfe, mai fenti ya zana furanni ya rubuta addu'a. Watau tsarin da Turai ta bari tun zamanin Budd, na raba mai inji da mai jiki, shi ya rayu a nan shekaru da dama, kuma buƙata ce ta raya shi. Ta wannan hanyar ce kuma fallen alminiyam ya fara ratsa fadamun Haɗejiya, a jikin Land Rover, motar Di'o da ma'aikatan En'e da malaman dabbobi. An yi ta a 1948 da jikin alminiyam domin a lokacin gwamnatin Ingila na rabon baƙin ƙarfe da awo. Masu gyaran bodi na Arewa sun koyi halin wannan ƙarfe a kanta, cewa ba ya yin ja kafin ya narke, wanda bai sani ba sai dai ya ga rami.

Tukunya ita ce ma'aunin tukunya

Inda alminiyam ya zauna daram a ƙasar Hausa shi ne murhu. Binciken Emily Osborn, masaniyar tarihi, ya nuna cewa zubin tukwanen alminiyam ya bazu a Afirka ta Yamma ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun masu sana'a matafiya da yaran da suka koya a wurinsu. Kasuwar Panteka a Kaduna da ta Katako a Yamai sun yi suna a kansa, kuma babu kasuwar ƙasar Haɗejiya da za a rasa waɗannan tukwane a jere, daga ta miyar gida zuwa ta biki.

Mai zubi kan ɗauki tukunyar da ta riga ta wanzu, ya sa ta a cikin akwatin katako mai rabi biyu, ya danƙare ta da yashi mai ɗanshi ciki da waje, ya buɗe ya zare ta a hankali, ya mayar ya rufe. Gurbin da ta bari shi ake cikawa da narkakken ƙarfe, wanda aka samo daga fistin da murfin inji da gwangwanayen da 'yan jari-bola suka tara. Wannan kwaikwayo ne tsantsa, kamar na Cobra, kuma yana da hikimar tattali, domin sake narkar da alminiyam kan ci kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da tace sabo ke ci. Daga shekarun 1980, bayan madatsar Tiga ta 1974 ta rage ambaliyar da noman fadama ya dogara a kanta, ƙananan injinan ban-ruwa suka kori jigo. Jikin injinan nan galibi alminiyam ne, don haka gyaransu ya zama sana'a, matattunsu kuma suka zama abincin masu zubi.

Amma a nan ne bambancin ya fito fili. Ƙarfe kan tsuke in ya huce, saboda haka tukunyar da aka zuba daga tukunya ta kan ɗan gaza uwarta, jikarta kuma ta gaza ta. In babu samfuri na asali da aka ajiye, kuskure gado ake yi. Daɗin daɗawa, ba a tantance abin da ke shiga cikin narkin. Wani bincike da aka yi a Kamaru aka buga a 2014 ya sami gubar dalma tana fita daga irin waɗannan tukwane, ita kuwa dalma illarta ga ƙwaƙwalwar yara ba ta warkuwa. Wannan magana ta shafi kowane gida da ake ɗora girki.

Inda hukuma ta sa ƙarfinta

Sa'ad da kuɗin mai suka samu, gwamnati ta nemi masana'antu daga sama. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, ana ɗauko kayan mota a warwatse daga Lyon zuwa Kano ta jirgin sama, a harhaɗa. Wannan ma mota ce ta cikin akwati, sai dai zane da ma'auni da injin matsa duk suna Faransa. An kafa makamantanta a Legas da Ibadan da Inugu da Bauci da Kano, kuma da darajar naira ta faɗi daga 1986, yawancinsu suka durƙushe. Masana'antar tace alminiyam ta Ikot Abasi ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, aka sayar wa kamfanin Rusal na Rasha a 2007, shari'a ta biyo baya. Tsarin ilimi na 6-3-3-4, wanda aka fara a 1982, ya shigo da darasin fasaha ƙananan sakandare, amma a makarantu da yawa injinan da aka sayo sun tsufa a cikin akwatunansu, ba wuta ba malami. A duk tsawon wannan lokaci mai zubi da mai walda da mai bodi suna bakin kasuwa suna aiki, ba wanda ya auna abin da suke yi balle ya rubuta.

Kammalawa

Tarihin nan bai nuna cewa Haɗejiya na buƙatar motar tsere ba. Abin da ya nuna shi ne, kwaikwayo makaranta ce, matuƙar an adana ma'auni. Katakan Thames Ditton da zanen Mielec su suka ba gwanintar mutanensu damar rayuwa bayan kasuwar farko ta mutu. Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma mai rawar sai yana da ƙafa.

Abubuwa uku ne suka rage ga ɗalibai da ma'aikatan hukuma. Na farko, cibiyoyi irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya su tura ɗalibai wurin tsofaffin masu sana'a, a auna garma da tukunya da bodin lori da kwale-kwale, a zana, a ajiye samfuri, a rubuta bayanin da Hausa, da sunan gwanin da aka koya a wurinsa. Na biyu, hukumomin lafiya su riƙa gwada ƙarfen tukwane, su koya wa masu zubi abin da ba a narkawa, maimakon a kore su. Na uku, a dubi buƙatar fadama kanta. Ambaliyar 2012 da 2020 da 2022 ta raba ƙauyuka da hanyoyinsu, kuma kusan kowace damina ana jin kifewar kwale-kwale a Jihar Jigawa. Jirgin ruwa na fallen alminiyam, marar nauyi, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda aka san iyakar lodinsa, sananne ne a kogunan wasu ƙasashe, kuma yankan falle da lanƙwasa da haɗawar da yake buƙata ba su kai wuyar jikin Cobra ba. Hannun da za su yi shi suna nan a Haɗejiya da Malam Madori da Kano. Abin da suke jira shi ne falle mai kyau, da zane mai awo, da hukumar da za ta yi odar na farko.